Shekarar da Babanmu Ya Ambaci Rara

Ranar wata Alhamis ce cikin kaka, bayan ƙaramar salla kaɗan, shekarar da aka yaye ƙanena Tanko. A lokacin muna zaune a wani ɗan ƙauye kusa da Kiyako, cikin ƙasar Birnin Kudu, tun ƙasar tana daji da duwatsu, tun mutum ba ya yin nisa da gari shi kaɗai saboda mahara. Ranar aka gama kwaso dawa daga gona. Tun hantsi 'yan gayya ke shigowa da dammuna a ka, wani na bin wani, ƙaiƙayi ya cika tsakar gida har kaji sun gaji da tsattsaga sun koma inuwa. Rumbunan gero biyu sun riga sun cika tun farkon kaka, don haka aka buɗe tsohuwar rufewa, wato rumbun laka, ta bayan ɗakin kakarmu, wadda tun da na yi wayo ban taɓa ganin kome a cikinta ba sai jemagu. Babanmu na bisa tsani, ana miƙa masa yana jerawa, har ita ma ta cika ta ƙi karɓa. Sai ya share gumi da hannun riga, ya dubi mutane ya yi dariya, ya ce, "Jama'a, bana kam mun yi rara!"

Kakarmu, wadda muke kira Iya, tana gindin tsamiya tana kaɗi. Na ga mazarinta ya tsaya. Babanmu ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, ko da gwiwarsa na gugar tata. In tana da magana da shi, ni take kira. Ta ce, "Ke Tabawa, gaya wa mai tsanin nan ya mayar da maganarsa inda ya ɗauko ta. Tumu bai fito ba." Na je gindin tsani na ɗaga kai na faɗa, ko da yake kowa ya riga ya ji. Maza suka fashe da dariya. Baba ya ce, "Gaya wa Iya da idona na gani." Ta ce, "Gaya masa abin da ya gani hatsi ne." Daga nan ta mayar da kai ga audugarta, aka kawo wa 'yan gayya fura, magana ta wuce. Mu dai a zatonmu ta wuce.

Ku da ba ku san Iya ba, bari in gaya muku. Mace ce da ba ta yarda a kira abu da sunan da ba nasa ba, kuma a wajenta duk abin da ya rage yana da sunansa dabam. Tuwon da mutum ya bari a akushi don an yi sallama da shi, wannan saura ne, mai shi zai dawo, kada wanda ya taɓa. Wanda ya kwana aka mayar kan wuta da safe ɗumame ne, na kowa da kowa. Na gindin tukunya ƙanzo, wannan namu ne mu yara, da kokawa muke raba shi. Ɗan abin da mai awo ke ƙara miki a kasuwa bayan ta cika mudu gyara ne, alheri ne ba hakkinki ba, in ba a ba ki ba ki ɗauki ƙwaryarki ki tafi, kada ki tsaya kallon hannun mutane. Zangarniyar da ta faɗi a gona bayan an ɗaure dami kala ne, na tsofaffi da marasa gona. Abin da ya yi yawa har ya zube ko ya ruɓe kuwa, ba ta ba shi suna mai daɗi, ɓarna take cewa, ta kau da kai. Amma rara ita ce babbarsu, ita ce kuma ba a ambata da garaje. Rara, in ji Iya, sai abin da ya rage bayan an fitar da zakka, an ware iri, an ci rani, an ci bazara, an ci damina, har sabon gero ya nuna, an gasa tumu an sa a baka. Ranar nan in aka leƙa rumbu aka tarar da tsohon hatsi, to shi ne rara. Kafin ranar, ko hatsi ya kai rufin ɗaki, sunansa abinci. Kuma rara ba a cinta a gida, fitar da ita ake yi a kai wa wanda bai samu ba.

Ranin nan, ba zan ɓoye muku ba, mun ji daɗi. Da asuba Inna, mahaifiyarmu, ke tashe ni, in ɗauki tulu in bi 'yan mata rafi, in dawo in tarar Baba ya sauko da damin ranar ya ajiye bakin turmi. Sai sussuka, sai shiƙa, ni ina riƙe da faifai iska na kwashe ƙaiƙayi tana watsa mini a wuya. Sai surfe, sai wanke tsaba, ruwan ƙasari a kai wa awaki. Inna ta durƙusa kan dutsen niƙa tana waƙa ƙasa-ƙasa, ni ina tare gari da tafin hannu, Tanko na goye a bayana yana ja mini kitso. Kullum akwai fura, ba ranar da aka ce yau babu. Fulani na kawo nono a ba su hatsi, har man shanu muke gani a miya ba ranar salla ba. In la'asar ta yi sanyi mu fita ƙofar gida mu yi carabke da 'yan duwatsu, ko mu ɗaure 'yar tsana da tsumma, ko mu yi gaɗa har a kira magariba. Kumatun Tanko suka cika, Iya ta riƙa tsokanarsa, don a wasan jika da kaka shi ne mijinta. Takan ce, "Dubi maigidana, ba noma ba saƙa, sai ci. Ni kam na yi dacen raggo."

Amma maganar da Baba ya yi bisa tsani ba ta tsaya a tsakar gidanmu ba. 'Yan gayya suka tafi da ita gidajensu, matansu suka kai ta rafi, masu cin kasuwa suka kai ta Birnin Kudu. Ba a daɗe ba sallama ta yawaita a ƙofar gidanmu. Maroƙi ya zo da kalangu, ya yi wa Baba kirarin mai rara, aka ba shi dami. Maƙeri ya kawo fartanya da ba a ce ya ƙera ba, ya tafi da dami. Mai suna ya zo, mai biki ya zo, wani da ya ce kakansa da kakan Baba sun sha nono ɗaya ya zo da jakinsa. Babu ɗaya cikinsu da yunwa ta koro. Kowa dai abin da yake cewa, "Mun ji Allah ya yi muku rara, muka ce bari mu zo mu taya ku murna." Baba mutum ne mai sakin hannu, ga kuma kunya. Tun da bakinsa ne ya faɗa a gaban jama'a, yaya zai yi ya ce babu? Kuma shi kansa ya gaskata. In ya hau tsanin rufewa ba ya jin yana taɓa abincinmu, gani yake abin da ya yi yawa yake ragewa. Iya na gindin tsamiya, ba ta hana ba. Wani lokaci dai takan ce, "Tabawa, tambayi ubanki ko tumu ya fito ne ban ji ba." In je in tambaya, ya shafa kaina ya wuce.

Da bazara ta kama, zafi ya sauko, ganyen tsamiya ya fara tohowa, sai ga Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, wadda ke aure a wani ƙauye gefen Basirka, cikin ƙasar Gwaram. Da ƙafa ta zo, tana jan jakin aro, ɗanta Ilu na biye da ita, leɓunansa duk sun tsage. Mahara ne suka sauko daga duwatsun kudu suka faɗa musu. Mutane sun tsira da rayukansu, amma rumbuna an cinna musu wuta, mijinta kuma na kwance da raunin kibiya a cinya. Bayan ta sha ruwa ta gaida Iya, ta juyo ta durƙusa gaban Baba ta ce, "Yaya, labari ya iso mana kun yi rara. Shi ya sa ban ji nauyin zuwa ba." Baba ya sunkuyar da kai. A lokacin rufewar nan ba abin da ya rage a cikinta sai ƙaiƙayi da kashin ɓera, rumbu ɗaya kuma mun riga mun ci rabinsa.

Iya ce ta yi magana. Ta ce, "Tabawa, gaya wa ubanki ya buɗe rumbu ya ɗora wa jakin nan iyakar abin da zai ɗauka. Amma ya faɗa mata sunan abin da ya ba ta." Ta faɗi haka a hankali, Gwaggo kuwa ta riga ta shiga ɗaki wajen Inna, ba ta ji ba. Baba ya hau ya sauko da dammuna, ya ɗaure wa jaki har yana nishi. Da Gwaggo ta fito ta ga daga rumbu aka ɗebo ba daga rufewa ba, sai ta tsaya, ta ce, "Yaya, ba na yara ba ne wannan?" Ina tsaye ina riƙe da igiyar jakin. Na ga Baba ya dubi Ilu, ya dubi ƙafafunsa, sannan ya ce, "Ɗauki ki tafi, Asabe. Ai rara ce." Na waiwaya wajen Iya ina jiran ta aike ni. Ba ta aike ni ba. Kafin damina ta sauka jakin nan ya dawo, ya sake dawowa, kuma kowane zuwa abin da ake gaya wa mai jansa ke nan.

To, ruwan shuka ya zo da wuri, muka yi murna. Baba na gaba da sungumi yana sara, ni da Inna muna baya muna zuba iri muna takewa da diddige. Gero ya tsiro, gona ta yi kore shar. Sai sama ta ɗauke. Kullum hadari ya haɗu a gabas, iska ta zo ta watsa shi, mu tsaya da tuluna a ƙofar ɗaki mu mayar da su wayam. Shuka ta lanƙwashe, ta yi fari, ta mutu. Aka fita roƙon ruwa bayan gari, manya da yara, har da dabbobi. Ruwa ya zo, aka sake shuka da ɗan irin da ya rage, shi ma ya ƙone. Da ruwan gaske ya sauka daga baya, iri ya ƙare, sai daga abinci aka ɗeba aka zuba a ƙasa. Ranar na ga Inna tana zuba geron tuwonmu a rami tana takewa. Kuma kowa ya san ma'anar shukar baya: tumu zai yi latti, rumbu kuwa ba ya jiran kowa.

Daga nan kwanaki suka yi tsawo. Fura ta ɗauke. Ƙwaryar da Inna ke awo da ita ta koma ƙoƙo. Tuwo ya koma sau ɗaya, da magariba, da safe sai kunun dusa. Aikina ya zama yawo bakin gonaki da 'yan mata muna tsinkar tafasa da rama da yaɗiya, a dafa a matse a kwaɗa da ɗan gishiri, mu ci ciki ya kumbura ba ƙoshi. Garin ɗorawa muka sha har harshenmu ya yi rawaya. Awaki suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, abin da suke dawowa da shi bai kai a faɗa ba, don garin duka halin da ake ciki ke nan. Waɗanda suka zo taya mu murna da rani, in sun haɗu da Baba a hanya sai su gaishe shi da sauri su wuce, kuma ban ga laifinsu ba, su ma tukunyarsu a kife take. Baba na noma da ciki wayam, ya yi kunya ɗaya ya dafa ƙota ya huta. Ƙofar gida ta yi tsit, ba gaɗa ba carabke, duwatsun wasanmu na nan a gindin danga ciyawa ta rufe su. Tanko ya yi ta kuka, daga baya ya daina, sai ya zauna ya jingina da turmi yana kallon mutane. Dainawar nan ta fi tsorata Inna.

Iya, da yake ita ce babba, ita ake fara zuba wa tuwo a ɗan akushinta. Wata magariba ta yi loma biyu, ta wanke hannu, ta tura akushin gaba ta ce, "Maigidana, taso ka kwashe rarar nan, na gaji da ganinta." Tanko ya rarrafo. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, don daga bakinta na koya. Na ce, "Iya, ai ba rara ba ce. Tumu bai fito ba, kuma ba ki ƙoshi ba." Ta dube ni ta ce, "Ji mini yarinya da iyayi. Cikina ne ko naki? Zauna ki sa hannu kafin raggon mijin nan nawa ya share." Na zauna na sa hannu. Gobe ma haka, jibi ma haka. Daga baya ta kira Inna ta ce tun da ba ta iya cinyewa, a daina fitar da rabonta duka daga rumbu, a bar shi can. Inna ta yi magiya, ta ƙi. Har Baba ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da ƙofarta, ya ce, "Tabawa, gaya wa Iya don Allah ta ci abincinta. Gaya mata ta daina kiransa abin da ba shi ba." Ban kai ga buɗe baki ba ta ce, "Gaya masa a wurinsa na koya." Ya tashi ya ɗauki fartanya ya fita.

Haka muka ja, gero ya yi kara, ya yi ciki, ya fitar da kai, ni da sauran yara muna korar tsuntsaye da muryar da ba ta kai tsakiyar gona. Iya ta daina fita gindin tsamiya, mazarinta na rataye a danga. Tabarma ake shimfiɗa mata a ƙofar ɗaki, ta kwanta tana kallon rumbu. Ran nan da hantsi sai ga Baba ya shigo da zangarniyoyi a gaban rigarsa. Inna ta hura wuta, aka gasa, ƙanshin ya cika gida. Muka murje a tafin hannu muna hurawa muna watsawa a baka da zafinsa, Tanko har yana ƙwarewa. Iya ba ta iya taunawa ba, sai Inna ta daka mata kaɗan ta sa mata a harshe. Ta haɗiye, ta yi hamdala, sannan ta ce, "To, yanzu a leƙa rumbu."

Baba ya cire murfin, ya ɗaga ni ya zura ni ciki, don na rame har ba ni da nauyi. Ciki duhu, sai warin ɓera. Na lalube ko'ina, ba dami, ba zangarniya, sai tsabar da ta zube ta maƙale a gindi. Aka miƙo mini tsintsiya na share tas, na tara a zanena. Inna ta sheƙe a faifai, ta tsince tsakuwa, ta juye a ƙoƙon shan ruwa. Bai cika ba. Na kai wa Iya. Ta sa yatsunta a ciki tana juyawa, ta daɗe, har na ga bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya. Ta ce, "Kira ubanki ya zo ya ga rara, ya san kamanninta." Ya zo ya tsaya ya duba. Inna ta miƙa hannu za ta karɓa, tana cewa ko kunu a dama wa Iya da shi. Iya ta riƙe ƙoƙon ta ce a'a, wannan ta gaskiya ce, ba a cinta a gida. Ni aka aika da ita wajen wata tsohuwa a ƙarshen gari wadda ba ta da mai yi mata noma. Iya ta ga an yanke gero, ta sha furar sabon hatsi. Ba ta ga yankan dawa ba.

Ilun nan da ya zo da tsagaggun leɓuna, shi ne daga baya ya zama uban 'ya'yana. A gidansu na gefen Basirka na yi zaman aure, a nan na tsufa, a nan nake. Gwaggo Asabe, har Allah ya karɓi ranta, in an zauna hira sai ta ba da labarin shekarar da yayanta ya yi rara ya cece su. Ina gefe ina surfe, ko ina tsinkar zogale, in ce haka ne, Gwaggo. Me zan ce mata? Hatsin da ya bar rumbunmu shi ya raya mutumin da na haifi 'ya'ya da shi, shi ne kuma aka rasa a akushin Iya. Na juya abin nan shekara da shekaru, ban sami inda zan ajiye laifi ba, har na gaji na bari.

Yanzu ina zaune a ƙofar ɗaki, jikoki na kai da kawowa. Kalmar ta yi araha. Yarinya ta dawo talla da dunƙulen fura biyu ta ce rara ce. A kasuwar Gwaram duk wanda kayansa suka yi masa yawa rara yake kira. Ƙanzo kaji ake watsa wa, kala kuwa awaki ke ci a gona. Bara da aka gama ɗaurin dawa, na ji jikana a bakin rumbu yana gaya wa abokansa bana an yi rara, suna tafawa. Na buɗe baki zan aika a gaya masa, na duba ban ga yarinyar da za ta tsaya ta ɗauki saƙon ba, sai na rufe. Allah ya sa kada su san abin da na sani, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ni dai har yau ba na iya faɗinta sai na tauna tumu, ga shi kuwa haƙoran sun ƙare.